WA YA KASHE NISHA?

Yau ban zo da ci gaban labari ba, faɗa na zo yi, kuma tun kafin in fara ina neman afuwar duk wanda tsinin alƙalamina zai taɓa, don ni kaina ban tsira daga gare shi ba.

A kakar da ta wuce na je garinmu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Ɗambatta, sunan jikar yayana. Duk wanda ya san wannan yanki na arewacin Kano ya san babu daji a cikinsa, gona na ƙarewa wata na farawa, in ka yi tari a gonarka maƙwabci zai yi maka sannu. An gama yankan gero an ɗaure dammuna, gyaɗa ta shigo gida. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mu mata da 'yammata muka zauna ɓarar gyaɗa, samarin gidan kuma suka jingina waya a jikin turmi suka kunna mana fim. Ranar kasuwar Ɗambatta ɗan yayana ya je wajen masu tura finafinai aka zuba masa shi a memori, da muryar Hausa. Fim ɗin Krrish 3 ne, na jarumin Indiyan nan mai cindo, Hrithik Roshan. Fim ya ƙare wajen sha ɗayan dare, amma musun da ya haifar bai ƙare ba sai da Yaya ya leƙo daga turakarsa ya ce wai mu ba mu san dare ya yi ba ne.

Saboda wanda bai taɓa gani ba, ga yadda labarin yake a taƙaice. Finafinai uku ne, duk Rakesh Roshan, mahaifin jarumin, ne ya ba da umarninsu. Na farko shi ne Koi... Mil Gaya na 2003, labarin Rohit, saurayi mai ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro saboda hatsarin motar da aka yi yana ciki, wanda wata halitta shuɗiya daga wata duniya mai suna Jadu ta ba shi basira da ƙarfi, har ya auri Nisha, yarinyar da ta so shi tun yana abin tsokanar gari. Na biyu shi ne Krrish na 2006, labarin ɗansu Krishna wanda ya gaji ƙarfin, kakarsa ta ɓoye shi a ƙauye cikin duwatsu, har soyayyar Priya ta ja shi Singafo, inda ya ceci yara daga gobara da baƙin abin rufe fuska, ya zama Krrish. Na uku shi ne na 2013, inda wani mugu mai suna Kaal, wanda ke zaune a keken guragu, yake ƙirƙirar cuta ya saki a duniya sannan ya sayar da maganinta.

To, da fim ya ƙare sai gidan ya rabu. Samari suka ce na uku ya fi duka, domin a nan ne Krrish ya tashi sama sosai, a nan ne aka rushe benaye a Mumbai, a nan ne bos ya isa bos. Wani ƙanensu ɗan aji uku na sakandare ya ce shi abin da ya dame shi lissafi ne: an yi Krrish, an yi Krrish 3, ina na biyu ya shiga? Aka ce masa ai Koi... Mil Gaya ne na ɗaya, ya ce to don me ba a kira na 2006 Krrish 2 ba? 'Yammata kuwa abin rufe fuskar suka sa a gaba. Suka ce ɗan abin da bai rufe haɓa ba, bai rufe baki ba, bai rufe gashi ba, ta yaya gari guda zai kasa gane mutum? Ɗaya ta ce ita ko cikin niƙabi aka saka yayarta daga tafiya za ta gane ta. Aka dawo kan Kaya, matar nan da Kaal ya yi daga jinsin hawainiya, wadda ta rikiɗe ta zama Priya ta zauna a gidan Krishna shi bai sani ba. Nan fa matan aure suka samu abin yi. Wata ta ce wannan ba laifin mai fim ba ne, gaskiya ya faɗa, akwai mazan da ko an musanya musu mata da buhun dusa ba za su lura ba sai lokacin tuwo ya yi. Aka yi ta dariya. Wani kuma ya ce sulken da Kaal ya saka a ƙarshe kamar daga wajen 'yan gwangwan aka tsinto shi.

Ni dai ina ɓarar gyaɗata ina murmushi, ina jin kaina marubuciya a cikin masu kallo. Can sai matar Yaya, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta ɗago ta ce, “Wai ni ina yarinyar nan ta fim na farko, mai kumatu masu loɓawa, wadda ta auri wawan?” Ita ta ga na farkon ne tun zamanin da nake zuwa musu da faifan sidi ana tayar da janareto. Ɗanta ya ce, “Ai Umma tun a na biyu ta mutu. An ce mata mijinta ya mutu a gobara a Singafo, sai baƙin ciki ya kashe ta bayan ta haihu.” Ta ce, “An nuna?” Ya ce, “Kakar ce ta ba da labari.” Ta watsa ɓawon gyaɗar hannunta a ƙwarya ta ce, “Baƙin ciki bai kashe ta ba. Mai labarin ne ya kashe ta, don ya samu wurin saka amarya.”

Wannan magana ita ce dalilin wannan rubutu. Ni a nawa ganin duk musun da aka yi a daren nan, na abin rufe fuska da na lissafin lamba da na sulke, susa ce a inda ba ya ƙaiƙayi. Waɗannan ƙananan ramuka ne da kowane labari ke da irinsu, mai kallo kan tsallake su in zuciyarsa na tare da jarumi. Babban ramin shi ne wanda matar Yaya ta taka: tun daga fim na biyu, jarumin ya daina biyan kuɗin jarumtarsa, wasu ne ke biya masa.

Mu ƙirga tare, ya kai mai karatu. Nisha, wadda Preity Zinta ta fito a matsayinta, wadda rabin nauyin fim na farko a kanta yake, an kashe ta a cikin 'yan jimloli don Krishna ya tashi maraya mu tausaya masa. Rohit an ɗaure shi shekara 20 a hannun Dakta Arya, saboda ƙwayar idonsa da bugun zuciyarsa su ne mabuɗin kwamfutar da ke hango gobe, don ɗansa ya samu wanda zai ceto. Kristian, abokin da Krishna ya yi a Singafo, talaka mai neman kuɗin da za a yi wa ƙanwarsa aikin ƙafa, shi Krishna ya miƙa wa abin rufe fuskarsa don ya karɓi ladan da aka sa, sai Dakta Arya ya harbe shi a zaton shi ne Krrish. Kyauta ce da kyakkyawar niyya, na yarda, amma ita ta kai yaron nan kabari, kuma yarinyar da ya bari wa ya rage mata? A fim na uku Kaya ta tuba ta taimaki Krishna, Kaal ya kashe ta. Rohit ya ba da ransa don ya tayar da ɗansa da hasken rana. Kafin duk wannan, cutar Kaal a Namibiya ta fara kisa, a nan nahiyarmu, amma mutanen can ba mu san sunan ko ɗaya ba, an shimfiɗa su ne kawai don mu san bos mugu ne, labari bai ɗauki zafi ba sai da cutar ta shiga Mumbai. Mu da muka ga sanƙarau ta 1996 a ƙasar Kano mun san annoba ba adon labari ba ce. Sannan benayen da samari ke yi wa tafi da aka rushe, babu mutane ne a ciki?

Gawa nawa ke nan? Shi kuma jarumin me ya rasa a jikinsa ko a halinsa? Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan tsuntsun na cikin rumfa, maƙwabta ne ke jiƙewa.

Na san abin da za a ce mini, don a daren an faɗa. Ɗan yayana ya ce, “Haba Gwaggo, ai ya rasa ubansa.” Gaskiya ne, ya rasa. To amma dubi abin da mutuwar ta zama a hannun mai labari: ƙarin ƙarfi. Uba ya faɗi, ɗa ya tashi sama, abin da a da bai iya ba. Mutuwar da aka canjar da ita nan take kamar an kai goro kasuwa, ba ta zauna a gidan ta hana kowa barci ba. Haka korarsa da ake yi daga wuraren aiki saboda yana gudu ceton mutane, an mai da ita abin dariya, ba mu taɓa ganin tukunyar gidansa ta kwana a kife ba.

Kwatanta wannan da Rohit na fim na farko. Ƙato da shi yana zaune a aji ɗaya da ƙananan yara, malami na kunyata shi, samarin gari na dukansa suna farfasa masa ɗan kekensa, uwarsa na kuka a ɓoye. Duk abin da ya samu daga baya ya riga ya biya kuɗinsa da hawayensa a gabanmu. Shi ya sa bayan shekara ashirin matar Yaya ba ta manta shi da matarsa ba, alhali fim ɗin da ta gama gani minti goma da suka wuce ba ta riƙe sunan kowa a ciki ba. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, da me ya fara kama zuciyar ɗan makaranta? Da yaron da ba ya iya tafiya, iyaye su tafi gona su bar shi a gida. Ƙarfin da ya zo daga baya ya yi daɗi ne saboda mun zauna da shi a lokacin rashinsa.

Magana ta biyu da za a ce, wadda ta fi ba ni haushi, ita ce, “Ai fim ne.” Wai don an nuna mutum na tashi sama, shi ke nan an ɗauke wa mai labari kowace doka. Sam! Mai kallo ya yarda a yi masa ƙarya a kan tsalle da ƙarfi da halittar wata duniya, wannan yarjejeniya ce tun daga bakin ƙofa, kamar yadda yaro ke yarda Gizo na magana da Ƙoƙi. Abin da bai yarda a yi masa ƙarya a kai ba shi ne zuciyar ɗan Adam: yadda rashi ke ciwo, yadda alhaki ke bin mutum, yadda miji ke sanin matarsa. In ka karya dokar tsalle ka yi fim, in ka karya dokar zuciya ka yi shirme.

Magana ta uku ita ce ta masu cewa mutuwa ai ta Allah ce, kowa lokacinsa ne. A duniya haka ne, babu ja. Amma a cikin littafi da fim akwai wanda ya riƙe alƙalami, shi ya zaɓi wa zai mutu a shafi na nawa, kuma shi za a tambaya. Kada marubuci ya laɓe bayan ƙaddara ya ɓoye lalacinsa.

Kada kuma a ce ina ƙin ci gaban labari ne gaba ɗaya. Ana yin sa da kyau. A Spider-Man 2 na 2004, wanda Sam Raimi ya ba da umarni, jarumin ne da kansa ke ɗanɗanawa: an kore shi daga aikin kai abinci, mai gidan haya na bin sa bashi, karatunsa na lalacewa, yarinyar da yake so za ta auri wani, har ƙarfin ya guje masa ya jefar da kayan a shara. Da Chadwick Boseman ya rasu a 2020, masu Black Panther ba su share shi da jimla ɗaya ba, fim na biyu na 2022 tun daga farko har ƙarshe makoki ne, uwa da ƙanwa na ɗauke da rashin. A gida kuma ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku, tun ƙarshen shekarun 1930. Bai maimaita na ɗaya da ƙarin hayaniya ba. A na biyu ya kawo gasa tsakanin aku da aku, a na uku ya mai da akun uba mai koya wa ɗansa Fasih zaman duniya. Uba ya miƙa wa ɗa gado ba tare da an yanka kowa ba.

Yanzu bari in taka nawa tudun, tun da an ce laifi tudu ne. Matar Yaya ba ta tsaya a kan Nisha ba. Da hira ta lafa sai ta juyo ta dube ni ta ce, “Ke ma ai haka kika yi.” Na ce me na yi? Ta ce, “Uwargidan nan ta littafinki, wadda ta sayar da akuyoyinta ta biya wa miji kuɗin makaranta. Mun bi ta littafi guda muna kuka, muka buɗe na biyu kika ce ta mutu wajen haihuwa, shafi uku a gaba ga 'yar birni ta shigo. Tun ranar ban sake karanta littafinki ba.” Shekara kusan ashirin tana riƙe da wannan magana, tana ba ni tuwo tana yi mini shimfiɗa, ba ta taɓa faɗa ba sai da fim ɗin Indiya ya buɗe mata baki.

Wallahi gaskiya ta faɗa, kuma na san yadda aka yi. Labarin nan littafi ɗaya na rubuta shi, ya ƙare a inda ya kamata. Da ya samu karɓuwa sai wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar littattafaina a birni ya ce mata na ta tambayar na biyu, in kawo kafin salla, in da hali ma a yi na uku. Duk wanda ya yi harkar adabin kasuwar Kano a wancan lokaci ya san tsarin: a yanka labari gida-gida, a tsaya a inda numfashin mai karatu ya tsaya, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Ni kuma ga kuɗin makarantar yara, ga bashin maɗaba'a. Na duba labarin na ga babu sauran rikici, mata da miji sun daidaita. Hanya mafi sauƙi ita ce in kawar da matar, in mai da mijin abin tausayi, in kawo sabuwar soyayya. Cikin dare ɗaya na kashe ta, ko zaman makoki ban yi mata ba. Ɗan kasuwar bai ce in kashe ta ba, littafi kawai ya nema. Ni na riƙe wuƙar.

Inna, mahaifiyarmu, tana gefe a kan buzunta, mun zaci ta yi barci. Sai muka ji ta ce, “Gonar da ake nomawa kowace shekara ba ta ƙin bayarwa, in dai an kai mata taki. Wanda ya hana ta taki ya ce sai ta ba shi, ƙuduji zai girba.” Ita ba ta san Krrish ba, ba ta kuma iya karatun boko ba, amma ta san ƙasar da aka haife ta. A yankinmu babu filin da za a bar gona ta huta, shekara da shekaru gona ɗaya ake juyawa, abin da ya riƙe ta shi ne mangalar taki da ake kai mata da rani, kashin awaki da tokar murhu da sharar gida. Littafi na biyu gona ce da aka riga aka noma. Takinsa shi ne sabon abin da jarumi zai rasa, sabon rauni a halinsa, sabuwar tambayar da na ɗaya bai amsa ba. In babu wannan sai marubuci ya koma zuba jinin mutanen labarin a maimakon taki, ya ƙara girman bos, ya ƙara yawan benayen da za a rushe.

Don haka kirana ga 'yan'uwana marubuta ne, musamman ƙannenmu da ke rubutu a waya yanzu, inda kasuwar ta koma bayan ta bar teburan littattafai. Ku matsin da kuke ciki ya fi namu, don mu wata-wata ake jiranmu, ku kuwa kullum ake jiran shafi, kuma kowa ya san labari in ya yi tsawo kuɗinsa ya fi. Kafin ki kashe wata a littafinki, 'yar'uwa, ki tambayi kanki: mutuwar nan labarin ne ya kawo ta, ko ni ce na rasa abin faɗa? In ta mutu, wa zai ɗauki gawar har ƙarshen littafi? In amsar ita ce babu, ki bar ta da ranta, ki rufe littafin, ki buɗe sabo. Ƙurunƙus ba abin kunya ba ne.

Ku kuma masu karatu da masu kallo, ku ci gaba da musu, kada wani ya ce muku ɓata lokaci ne. A tsakar gidan nan, tsakanin turmi da ƙwaryar gyaɗa, na ji nazarin da ban taɓa ji a taron marubuta ba. Sai dai ku ɗaga musun daga kan sulke da abin rufe fuska, ku riƙa tambayar da matar Yaya ta yi: ina wance ta shiga, kuma wa ya amfana da tafiyarta? A 2025 an ba da sanarwar cewa Hrithik Roshan da kansa zai ba da umarnin Krrish 4. Samarin gidanmu sun ce su so suke su ga irin ƙarfin da zai zo da shi. Ni kuwa Priya nake yi wa addu'a.

Da zan taho, matar Yaya ta ƙulla mini gyaɗa a leda ta rako ni har bakin hanya inda ake hawa babur. Na ce mata in Allah Ya yarda zan sake rubuta littafin nan na biyu, uwargida za ta rayu. Ta ce, “Ki bar ta ta huta, kin riga kin binne ta. Ki dai kiyaye ta gaba.”

Wanda na ɓata wa rai ya yi haƙuri, wanda ke da ja kuma fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.

Taku har kullum.